Daga Kashi 19 Zuwa Kashi 62: Yadda Alƙaluman Zaɓe Ke Juyawa a Bangui

A zagayen farko na zaɓen shugaban Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ranar 30 ga Disamba 2015, mutum 30 ne suka tsaya takara. Anicet-Georges Dologuélé, tsohon firaminista kuma tsohon shugaban bankin raya ƙasashen yankin, shi ya zo kan gaba da kusan kashi 24 cikin ɗari. Faustin-Archange Touadéra, malamin lissafi da ya taɓa shugabantar Jami'ar Bangui, ya biyo shi da kashi 19. Aka koma zagaye na biyu ranar 14 ga Fabrairu 2016, sai na baya ya koma gaba: Touadéra ya samu sama da kashi 62, Dologuélé ya tsaya a 37.

Wanda ke kallo daga nesa zai ce mutane sun sauya zuciya cikin mako shida. Ni a ganina ba zuciya ce ta sauya ba, tambayar da aka yi wa mai ƙuri'a ce ta sauya. A zagayen farko ana tambayarsa wa yake so. A na biyu kuwa, cikin mutum biyun nan wanne zai iya haƙuri da shi. Fiye da rabin masu zaɓe sun ba waɗansu 'yan takara dabam ƙuri'unsu tun farko, kuma akasarin waɗanda suka faɗi suka mara wa Touadéra baya. Dologuélé ya ƙulla yarjejeniya da KNK, jam'iyyar hamɓararren shugaba François Bozizé, amma sa hannun shugabannin jam'iyya bai kawo masa magoya bayanta duka ba. Ma'aikatan gwamnati da yawa suna tuna Touadéra da cewa lokacin da yake firaminista, daga 2008 zuwa 2013, aka riƙa biyan albashi ta banki. Wanda ya taɓa yin watanni babu albashi ba ya mantawa da wannan.

Tun kafin a kai nan ma alƙaluma sun yi rawa. Sakamakon farko da hukumar zaɓe ta ANE ta fitar galibi daga Bangui, babban birnin ƙasar, ya fito, kuma Touadéra ne a gaba. Da na larduna ya iso, sai Dologuélé ya wuce shi. Mai sayen gero a kasuwa ya san ɗiban saman buhu ba ya nuna abin da ke ƙasa, shi ya sa yake zura hannu har ciki. Binciken jin ra'ayin jama'a ma haka yake: ana tambayar mutum dubu ɗaya ko biyu a ce sun wakilci miliyoyi, kuma hakan na yiwuwa ne kawai in an ɗebo su daga kowane ɓangare. A ƙasar da ta yi shekaru tana dogara da ƙidayar 2003, wadda yaƙi ya tarwatsa jama'arta, ɗibar ke da wuya.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar unguwar Kilomita Biyar, wadda ake kira PK5, babbar kasuwar Bangui kuma matattarar Hausawa da Fulani da sauran Musulmin birnin. Bayan 'yan tawayen Seleka sun ƙwace mulki daga hannun Bozizé a Maris 2013, kuma mayaƙan anti-balaka masu adawa da su sun afka wa Bangui ranar 5 ga Disamba na shekarar, dubban Musulmi suka tsere zuwa Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage, kimanin 15,000, suka zama kamar a kurkuku cikin unguwarsu, fita daga cikinta na iya zama ajali. Da Paparoma Francis ya shiga babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, duniya ta ɗauki abin a matsayin babban labari, don mutanen birnin kansu ba sa tsallaka wannan iyaka.

Mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Disamba, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki. Wani ɓangare na tsoffin 'yan Seleka ya ce ba za a yi zaɓe ba. Aka buɗe wuta kusa da rumfar zaɓe a PK5, mutum biyar suka rasu. Duk da haka mutanen unguwar suka dage sai sun kaɗa ƙuri'a, har aka ƙara musu rana. Me ya fitar da ɗan kasuwa daga gidansa ana harbi, don takardar da ƙila bai karanta ko shafi ɗaya nata ba? An daɗe ana ce musu baƙi, 'yan Chadi, ko da a Bangui aka binne kakanninsu. Yatsa mai tawada ya zama shaidar cewa su ma 'yan ƙasa ne. Mai bincike da ya zo da takarda yana tambayar "wa za ka zaɓa?" ba zai kama wannan dalili ba, domin babu gurbinsa a takardar.

Akwai masu cewa addini kaɗai ke jan ƙuri'ar irin wannan unguwa. Tasirinsa na nan, ba shakka: da majalisa ta tsige Karim Meckassoua, ɗan majalisar yankin, daga shugabancinta a Oktoba 2018, PK5 ta ɗauki zafi. Amma a Disamba 2019 'yan kasuwar ne da kansu suka yi fito-na-fito da matasan da ke ɗauke da makamai da sunan kare unguwa, saboda harajin dole da suke ƙaƙaba musu, aka rasa rayuka da dama. Duka ɓangarorin Musulmi ne. Abin da mai shago ke so shi ne ya buɗe da safe ya rufe da yamma babu mai tatsar sa, motocin kaya kuma su iso daga Douala ta Kamaru. Lokacin da 'yan tawayen CPC suka tare hanyar Kamaru a ƙarshen 2020 da farkon 2021, farashin kaya ya tashi a Bangui, kowa ya ji a jikinsa. Duk wanda aka ga alamar zai iya buɗe hanyar nan, darajarsa na ƙaruwa a idon mai kanti, ko da kuwa da sojojin Ruwanda da mayaƙan Rasha ya yi aikin.

Zaɓen 27 ga Disamba 2020 ya nuna wata hanyar da lamba ke ruɗar mutum. Kotun tsarin mulki ta hana Bozizé takara, 'yan tawaye suka hana zaɓe a garuruwa da yawa. Hukumar zaɓe ta fara cewa kimanin kashi 76 sun fito, amma lissafin na wuraren da aka iya buɗe rumfuna ne kawai. Da kotu ta auna da dukkan masu rajista, adadin ya sauko zuwa kashi 35. Touadéra ya ci da kashi 53 na waɗannan, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar na masu rajista. 'Yan gudun hijira da suka yi zaɓe daga ƙasashen maƙwabta a 2015, wannan karon ba a ba su dama ba, kuma a cikinsu akwai Musulmi masu yawa.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana irinta. Kafin zaɓen 2023 binciken da aka fi yayatawa ya sa Peter Obi a gaba, alhali kaso mai tsoka na waɗanda aka tambaya sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa. Ranar zaɓe kusan kashi 27 na masu rajista ne suka fito, Bola Tinubu ya ci da kusan kashi 37, Obi ya zo na uku. Wanda ya ƙi amsa wa baƙo a waya ba lalle ne bai da ɗan takara ba. A Kano ƙila ya ga bai shafi mai tambayar ba. A Kilomita Biyar kuwa, inda faɗin ra'ayi ya taɓa jawo wa mutane asarar shago ko rai, zai fara tunanin wa ya aiko mai tambayar kafin ya buɗe baki.