Masu Haɗa Kiɗa Da Dabarun Tallata Sana'arsu A Nijeriya

LEGAS – A watan Fabrairun shekarar 2024, kamfanin Universal Music Group, wanda ya fi kowane kamfani girma a harkar faya-fayan waƙa a duniya, ya ba da sanarwar ƙulla yarjejeniyar sayen kaso mafi tsoka na hannun jarin kamfanin Mavin da ke Legas. Mutumin da ya kafa Mavin a shekarar 2012, Mista Michael Collins Ajereh, wanda aka fi sani da Don Jazzy, ba da rera waƙa ya fara yin suna ba. Sana'arsa ita ce haɗa kiɗan da mawaƙa ke ɗora muryoyinsu a kai, abin da 'yan sana'ar ke kira aikin furodusa.

Sai dai ba kowane gwani ne sana'ar ta yi wa irin wannan rana ba. Marigayi OJB Jezreel, wanda ya haɗa kiɗan waƙar African Queen ta 2Face Idibia da ta fito a shekarar 2004, sai da aka yi gangamin neman taimako a shekarar 2013 kafin a tara kuɗin da za a yi masa dashen ƙoda. Ya rasu a shekarar 2016. Wannan lamari ya tayar da muhawara game da abin da ke shiga aljihun mai haɗa kiɗa bayan waƙa ta game duniya, domin mutane da yawa na ganin sana'ar ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne, gwaninta kaɗai ba ta mayar da wannan sana'a kasuwanci. Akwai abubuwa biyu da ke biyo bayanta: sunan mai haɗa kiɗan ya isa kunnen masu sayen aikinsa, sa'an nan kuma sunan ya kasance a rubuce cikin takardun mallakar waƙar.

Haja Da Masu Sayenta

Hajar mai haɗa kiɗa ba irin wadda ake bajewa a tebur ba ce. Yana sayar da kiɗan da ya tsara, da lokacin ɗakinsa na ɗaukar sauti, da kuma ƙwarewarsa wajen tace murya da daidaita ta da kiɗa. Masu sauraro miliyoyi ne, amma ba su ne ke biyansa kai tsaye ba. Abokan cinikinsa na haƙiƙa su ne mawaƙa, da masu shirya fina-finai, da kamfanonin da ke tsara tallace-tallacen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin mawaƙan addini, da masu bukukuwa, da kuma 'yan siyasa a lokacin yaƙin neman zaɓe. Saboda haka tallar da ta dace da shi ita ce wadda za ta isa ga waɗannan rukunoni, ko da kuwa ba su da yawa.

Yadda ake kaiwa gare su ya sauya sau da dama. A zamanin faifan garmaho, manyan kamfanonin ƙasashen waje irin su EMI da Decca da PolyGram ne ke riƙe da ɗakunan ɗaukar sauti a Legas, kuma mai haɗa kiɗa ma'aikacinsu ne da ba ya bukatar neman abokin ciniki. Bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986, tare da yawaitar satar fasaha ta hanyar kaset, waɗannan kamfanoni sun janye, suka bar harkar a hannun 'yan ƙasa. Daga nan dillalan kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas suka zama masu faɗa a ji wajen rarraba faya-fayan CD, inda aka saba biyan mawaƙi dunƙulen kuɗi sau ɗaya, shi kuma ya sallami mai haɗa kiɗa da abin da ya samu.

Zuwan wayar salula a shekarar 2001 ya buɗe wata ƙofa, musamman ta waƙoƙin da mai kira ke ji kafin a ɗauki waya. Daga baya kuma aka samu kamfanonin sauraron waƙa ta intanet. Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2015, Spotify kuma ya shigo a shekarar 2021. Spotify ya bayyana cewa abin da waƙoƙin mawaƙan Nijeriya suka samar a wurinsa ya haura naira miliyan dubu 25 a shekarar 2023, ya kuma haura naira miliyan dubu 58 a shekarar 2024. Wannan kuɗi ba ya bin wanda ya fi shan wahala. Yana bin sunayen da aka rubuta ne a matsayin masu haƙƙi.

Hanyoyin Fitar Da Suna

Dabara ta farko, kuma mafi arha, ita ce buga hatimin murya. Mai haɗa kiɗa yakan sanya sunansa ko wata 'yar gajeriyar alama a farkon kowace waƙa da ya yi wa aiki. Don Jazzy ya yi amfani da wannan dabara tun a kamfanin Mo'Hits da suka kafa tare da D'banj a shekarar 2004, har ta kai mai sauraro na gane hannunsa kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ta haka duk lokacin da gidan rediyo ya sa waƙar, ko aka kunna ta a wurin biki, an yi masa talla ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Dabara ta biyu ita ce nuna gwaninta a fili, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mawaƙin da ke shirin kashe kuɗinsa yana da tambayoyi a ransa: me ya sa muryarsa ke nutsewa cikin kiɗa, yaya ake shirya wa ranar ɗaukar murya don kada a ɓata lokaci, mene ne bambancin sayen kiɗa da hayarsa. Mai haɗa kiɗan da ke amsa irin waɗannan tambayoyi a bainar jama'a, ko ta gajerun hotunan bidiyo a YouTube da Instagram, ko ta shirin rediyo, ko a taron ƙara wa juna sani, yana samun amincewar abokin ciniki tun kafin su haɗu. Wanda ya ƙaru da bayaninsa kyauta, shi ne zai fara tunawa da shi ranar da ya tashi biyan kuɗi. Fitaccen mai haɗa kiɗan nan Sarz ya faɗaɗa wannan hanya inda ya kafa makarantar horar da matasa a shekarar 2015, abin da ya ƙara wa sunansa kwarjini a cikin sana'ar.

Sharaɗin wannan dabara shi ne ɗorewa. Bayani ɗaya mai amfani a kowane mako na tsawon shekara ya fi guda ashirin a cikin wata ɗaya sa'an nan a ji shiru. Haka nan kuma, bayanin da ya tsaya kan yabon kai ba ya jan kowa. Wanda ya warware wa mawaƙi wata matsala shi ne ake aika wa abokai.

Dabara ta uku ita ce baje hajar inda mai saye zai iya ji, ya ga farashi, ya biya ba tare da dogon ciniki ba. A shekarar 2018 wani matashin mawaƙi a Amurka, Lil Nas X, ya sayi kiɗa kan dala 30 kacal daga wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna YoungKio ta kasuwar kiɗa ta BeatStars, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Waƙar da ta fito daga wannan ciniki, Old Town Road, ta shafe makonni 19 a matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a shekarar 2019. Darasin yana da fuska biyu: hajar da aka baje tana iya samun mai saye daga kowace nahiya, kuma sharuɗɗan da aka sayar da ita a kai sun fi farashin farko muhimmanci.

Dabara ta huɗu ita ce riƙe abokan ciniki a hannu. Dandalin sada zumunta rumfar aro ce. A watan Yunin shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a kuma ɗage dakatarwar ba sai a watan Janairun shekarar 2022. Duk wanda ya tara abokan hulɗarsa a wannan wuri kaɗai ya wayi gari an rufe masa kasuwa har tsawon watanni bakwai. Don haka wajibi ne mai sana'a ya ajiye nasa kundin na lambobin waya da adireshin waɗanda ya taɓa yi wa aiki, yana sanar da su sababbin kaɗe-kaɗe da rangwamen farashi, musamman gabanin lokutan da aiki ke yawa kamar ƙarshen shekara da bukukuwan Salla.

Suna Ba Takarda

Talla tana kawo aiki, amma takarda ce ke mayar da aikin kadara. Dokar Haƙƙin Mallaka ta shekarar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na shekarar 2023, ta bambanta haƙƙi iri biyu a cikin waƙa guda. Akwai haƙƙin tsarin kiɗa da baitoci, wanda ke ɗorewa har shekaru 70 bayan rasuwar mai shi, akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda ke ɗorewa shekaru 50. Dokar ta kuma tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin amfani shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce.

Saboda haka tun ran gini tun ran zane. Kafin waƙa ta bar ɗakin ɗaukar sauti, ya kamata a rubuta takardar rabo da ke nuna kason kowa, a kuma fayyace ko kiɗan an sayar da shi ne baki ɗaya, ko haya aka bayar wadda za ta bar mai shi ya sake bai wa wani, ko kuwa an biya wani abu ne a hannu tare da kaso daga abin da waƙar za ta samar. Haka kuma a tabbatar an shigar da sunan mai haɗa kiɗan lokacin da ake miƙa waƙar ga kamfanonin rarrabawa. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar ayyukan fasaha, ƙungiyar MCSN kuma tana karɓo wa mambobinta kuɗi daga masu amfani da waƙoƙi a harkokin kasuwancinsu.

Sunan sana'ar ma kansa yana bukatar kariya. Dokar Kamfanoni ta shekarar 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista. Wannan rajista, tare da asusun banki da sunan kamfani da littafin shige da ficen kuɗi, su ne abubuwan da manyan kamfanonin talla da bankuna ke nema kafin su yi hulɗa da mutum. A shekarar 2019 Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna sun ɓullo da shirin ba da rance ga masana'antun fasaha, ciki har da kiɗa, amma irin wannan dama ba ta isa ga wanda ba shi da lissafi a rubuce.

Halin Da Ake Ciki A Arewa

A Kano da Kaduna da Jos, ɗakunan ɗaukar sauti sun bunƙasa ne tare da fina-finan Hausa daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya zama ginshiƙin kiɗan fim. Mawaƙan Hausa sun daɗe da al'adar ambaton makaɗinsu da sunan situdiyo a cikin waƙa, wanda shi ma hatimi ne mai daraja, musamman da yake waƙoƙin na tsallakawa zuwa Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Matsalar ita ce yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi, kuma waƙa na yawo daga waya zuwa waya ta hannun masu turawa ba tare da wani kaso ya komo ga waɗanda suka yi ta ba. A jihar Kano akwai kuma ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a shekarar 2001, wadda ke yi wa masu wannan harka rajista.

Tsadar aiki ta ƙara sa batun ya zama na gaggawa a duk faɗin ƙasar. Kwamfuta da makirufo da lasifika duk daga waje ake shigo da su, ɗakin ɗaukar sauti kuma ba ya rabuwa da janareta. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni na wannan shekarar sun ɗaga waɗannan kuɗaɗe ƙwarai. Mai haɗa kiɗan da ya dogara ga ladan yini kaɗai zai ga ribarsa tana zaizayewa, alhali wanda ke da kaso a waƙoƙin da ake saurara a ƙasashen waje yana samun kuɗin shiga da faɗuwar naira ba ta rage musu daraja.

Tun a shekarar 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta shigar da harkar fina-finai da kiɗa cikin ma'aunin arzikin ƙasa. Ga ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jari a ɗakin ɗaukar sauti, tsadar na'urorin da ke ciki ba ita ce ma'auni ba. Abin dubawa shi ne yawan abokan cinikin da ke komowa, da hanyar da sababbi ke bi su san da wurin, da kuma adadin waƙoƙin da mai wurin ke da rubutaccen kaso a cikinsu.