Yadda ake tsara wasan yaƙi mai hawa-hawa

Kowa ya san dara. Da farko ana dasa ƴaƴa cikin gurabu, bayan haka a shiga turawa, kuma wanda ya yi mugun dashe ba shi ganin daidai wajen turi. A kan irin wannan hikima aka gina wani shahararren wasan kwamfuta, UFO: Enemy Unknown, wanda a Amurka aka sani da X-COM. Wani mutumin Ingila, Julian Gollop, da ɗan'uwansa Nick suka tsara shi, kamfanin MicroProse ya fito da shi a shekarar 1994.

Labarin wasan ƙage ne: cikin shekarar 1999 waɗansu halittu daga wata duniya sun kawo wa ɗan Adam hari, sai ƙasashe 16, har da Nijeriya da Masar, suka haɗa kuɗi suka kafa runduna. Mai wasa shi ne shugabanta.

Tun 1988 Gollop ya fito da Laser Squad, wasan ƴan sojoji kaɗan a fagen fama, kuma ci gabansa ya yi niyyar yi. Amma kamfanin ya nemi abu mai faɗi irin Civilization na 1991. Daga nan aka sami hawa biyu.

A hawa na farko duniya ce baki ɗaya a gaban mai wasa. Shi zai zaɓi wurin kafa sansani, ya ɗauki sojoji da masu bincike da maƙera, ya aika jirage su harbo na abokan gaba. A hawa na biyu sai a sauka inda jirgin ya faɗi. Nan ana wasa bi da bi, kowane soja yana da ƙayyadadden lokaci. In ya ƙare shi wajen tafiya, ba shi da na harbi.

Gwanintar tana wajen ɗaurin da ke tsakanin hawan nan biyu. Makamin da aka tsinto a fage, masu bincike za su gano sirrinsa, maƙera su ƙera irinsa, soja ya koma fage da shi. Sojan da ya tsira ƙwarewarsa tana ƙaruwa, wanda ya mutu kuwa ya tafi ke nan da sunansa da muƙaminsa. A ƙarshen kowane wata ƙasashe suna duba aiki: wata ta ƙara kuɗi, wata ta rage, wata ma ta ƙulla yarjejeniya da abokan gaba ta janye hannunta.

Akwai kuma hawa na ƙarshe, wato kai yaƙi duniyar Mars, wurin da ake kira Cydonia. Ba a buɗe hanyarsa sai an kamo wani babban kwamandan abokan gaba da rai. Wannan sharaɗi yana tilasta wa mai wasa ya kusanci maƙiyin da ya fi sauƙin harbewa daga nesa, ya sa ran sojojinsa cikin hatsari saboda ilimi.

To, irin wannan tsari yana da tasa matsala. Wanda ya ci nasara da wuri ƙarfinsa yana ta haɓaka har wasan ya rasa daɗi, wanda ya yi hasarar gwanayensa kuwa yana ta nutsewa. Saboda haka aka sa abokan gaba masu ƙarfi su riƙa bayyana sannu a hankali. Da kamfanin Firaxis ya sabunta wasan a 2012, ƙarƙashin Jake Solomon, sai aka taƙaita: sansani ɗaya, sojoji 4 zuwa 6, kowane da aiki biyu a zagaye.

Darasi ga samarinmu masu sha'awar wannan sana'a shi ne, kowane hawa ya bar wa na gabansa gado, ko riba ko hasara. Kafin su taɓa inji, sai su gwada dokokinsu da takarda da tsakuwa tare da abokai, har su ga inda ɗaurin ya yi sako-sako.