Ɗaya Cikin Biyar: Abin da Bincike Ya Gano Game da Cin Zarafin Yara ta Intanet a Amurka

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarun 2000 wani adadi ya bazu a ƙasar Amurka. Jaridu da gidajen talbijin da ƴan siyasa suka yi ta maimaita cewa yaro ɗaya cikin biyar da ke amfani da intanet an taɓa yi masa tayin lalata. Iyaye da yawa suka fahimci cewa ana nufin wani babban mutum ne yake farautar kowane yaro na biyar. Adadin gaskiya ne, amma ba haka masu binciken suka nufa ba. Wannan takarda za ta bayyana inda adadin ya samo asali, da abin da aka ƙirga a cikinsa, da kuma yadda sakamakon ya shafi horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a, wato mutanen da aikinsu shi ne kula da yara da iyalai masu matsala.

2.0 Asalin Binciken

Binciken ya fito ne daga wata cibiya ta Jami'ar New Hampshire mai nazarin laifuffukan da ake yi wa yara, wadda aka kafa a 1998 a ƙarƙashin jagorancin David Finkelhor, masanin zamantakewar ɗan Adam. Shi da abokan aikinsa, Kimberly Mitchell da Janis Wolak, sun yi hira ta wayar tarho da yara 1,501 masu shekara 10 zuwa 17 waɗanda ke shiga intanet a kai a kai. Kafin a yi magana da kowane yaro sai an nemi izinin iyayensa. An yi hirarrakin tsakanin 1999 da 2000, aka buga rahoton a 2000. An sake irin wannan bincike a 2005 da yara 1,500, sannan a 2010 da yara 1,560. Da yake tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ana iya kwatanta sakamakon shekarun uku.

Abubuwa uku aka tambayi yaran ko sun same su a cikin shekara ɗaya da ta wuce: tayin lalata wanda ba su so ba, ganin hotunan batsa ba da niyyarsu ba, da kuma tsangwama, wato zagi ko barazana ko kunyatarwa.

3.0 Me Aka Ƙirga?

A binciken 2000, kashi 19 cikin 100 na yaran sun ce an yi musu tayin lalata. Daga nan "ɗaya cikin biyar" ya fito. To amma ma'anar da masu binciken suka ba kalmar tana da faɗi. Ta haɗa da neman yaro ya yi lalata, da jan sa cikin hirar batsa, da yi masa tambaya a kan al'amuransa na sirri, ko da sau ɗaya ne a zauren hira. Kuma ba a ce lalle sai babba ne ya yi ba. A cewar yaran, kusan rabin masu yin tayin yara ne ƴan'uwansu da ba su kai shekara 18 ba. Manya kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma akasarinsu matasa ne ƴan shekara 18 zuwa 25.

Saboda haka masu binciken suka ware wani rukuni daban, wanda suka kira tayi mai tsanani. A nan mai tayin yakan nemi ya sadu da yaron ido da ido, ko ya kira shi ta waya, ko ya aiko masa da wasiƙa ko kuɗi ko kyauta. Wannan ya sami kashi 3 cikin 100 na yaran. Haka kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa tayin ne suka ce abin ya tayar musu da hankali ƙwarai ko ya tsorata su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka dubi miliyoyin yaran ƙasar, sai dai ya yi nisa da abin da ake faɗa a jaridu.

Da aka sake binciken, tayin lalata ya ragu zuwa kashi 13 a 2005, sannan kashi 9 a 2010. Ganin hotunan batsa ya tashi daga kashi 25 zuwa 34, daga baya ya sauka zuwa 23. Tsangwama ce kaɗai ta yi ta hawa ba sauka: kashi 6, sai 9, sai 11. Ke nan abin da aka fi tsoro yana raguwa, abin da ba a damu da shi sosai ba yana ƙaruwa.

4.0 Bayanan Ƴan Sanda

Hira da yara ba ta isa ta nuna manyan laifuffuka ba, domin ba su cika faruwa ba. Don haka cibiyar ta koma ga hukumomin ƴan sanda, ta tattara bayanan mutanen da aka kama. A wata maƙala ta 2004 an yi nazarin ƙararraki 129 na waɗanda suka haɗu da yaro ta intanet sannan suka yi masa laifin lalata.

Abin da aka gano ya saɓa wa zaton jama'a. Kashi 76 cikin 100 na yaran ƴan shekara 13 ne zuwa 15, ba ƙananan yara ba. Kashi 5 ne kawai na masu laifin suka yi ƙaryar cewa su ma yara ne. Akasarinsu ba su ɓoye cewa lalata suke nema ba. An yi amfani da ƙarfi a kashi 5 na ƙararrakin, kuma yawancin yaran da suka sadu da mai laifin sun koma wurinsa fiye da sau ɗaya. Rabinsu an bayyana cewa suna ganin soyayya ce ko shaƙuwa tsakaninsu da shi.

Wannan bai rage nauyin laifin ba. Doka ta ɗauki yaro a matsayin wanda bai kai ya ba da yardarsa ba, kuma babban da ya yi amfani da kaɗaicin yarinya ya cuce ta ko da bai ɗaga mata hannu ba. Abin da ya canza shi ne hanyar kariya. Gargaɗin "kada ka ba baƙo sunanka" ba ya amfanar yarinyar da ba ta ɗauki mutumin baƙo ba. A maƙalarsu ta 2008 masu binciken sun ba da shawarar a riƙa yi wa matasa magana kai tsaye a kan sha'awa da soyayya da abin da doka ta ce, kuma a fi mai da hankali ga yaran da aka taɓa cin zarafinsu a gida, ko suke fama da baƙin ciki, ko ba sa jituwa da iyayensu, domin su ne suka fi faɗawa tarko.

5.0 Darasi Ga Masu Koyon Aikin Jin Daɗin Jama'a

A binciken 2000, kusan rabin yaran da aka yi wa tayin lalata ba su faɗa wa kowa ba, kuma ƙasa da kashi 10 cikin 100 na al'amuran ne suka kai ga hukuma. Darasi na farko ke nan: idan ma'aikaci bai tambaya ba, da wuya a faɗa masa. Ya kamata tambaya a kan waya da intanet ta shiga cikin hirar da ake yi da kowane yaro, kamar yadda ake tambayarsa halin gida da na makaranta.

Na biyu, lafazin tambayar yana da muhimmanci. Yarinyar da aka tambaya ko wani mugu ya cuce ta za ta iya cewa a'a da zuciya ɗaya, domin a wurinta saurayinta ne. Idan kuwa aka tambaye ta da wa take hira da dare, kuma shekarunsa nawa, amsar za ta bambanta.

Na uku, matsalar intanet ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Finkelhor da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa yaron da ya gamu da nau'i ɗaya na cin zarafi yakan gamu da wasu, kuma tarin su ne ya fi yi masa illa. Ƙwace waya daga hannun yaro ba zai gyara gidan da ya kore shi zuwa gare ta ba.

Ƙungiyoyin wannan sana'a a Amurka sun fitar da ƙa'idojin amfani da fasahar sadarwa a 2005, suka sabunta su a 2017 tare da majalisar da ke tantance makarantun koyar da aikin.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Bayan 2010 wayar hannu da shafukan sada zumunta sun canza yanayin. A wata maƙala ta 2022 Finkelhor da wasu abokan aikinsa sun kawo sakamakon tambayoyin da suka yi wa matasa 2,639 masu shekara 18 zuwa 28 game da yarintarsu. Kashi 15.6 cikin 100 sun ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata a intanet kafin su kai shekara 18, kuma sau da yawa mai laifin wanda suka sani ne, kamar saurayi ko aboki. Amma a ƙarshen wannan shekara hukumar FBI ta yi gargaɗi a kan wani salo daban, inda ake yaudarar samari su aika hotunan tsiraicinsu sannan a nemi kuɗi da barazanar yaɗa su. A nan baƙo da ƙarya su ne ginshiƙin laifin. A 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan damfara.

7.0 Kammalawa

Alƙaluman da aka kawo a nan na Amurka ne, kuma na shekarun da aka ambata. Bai dace a ɗora su a kan wata ƙasa ba tare da bincike ba. Abin da ɗalibi zai ɗauka shi ne hanyar karatu. Duk lokacin da ya ci karo da adadi irin "ɗaya cikin biyar", sai ya nemi sanin wa aka tambaya, a wace shekara, kuma wace ma'ana aka ba kalmar da aka ƙirga. Mai fassara irin wannan rahoto zuwa Hausa yana da wannan nauyi fiye da kowa, domin kalmar da ya zaɓa ita ce za ta nuna wa iyaye inda za su sa ido.