Bargon Salansa da Gashin Raƙumi: Yadda Ake Tsare Zafi a Injin Mota

Duk wanda ya taɓa buɗe murfin injin babbar mota bayan doguwar tafiya ya san irin hucin da ke tarbarsa. Dalili kuwa shi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana ficewa ne ta bututun hayaƙi a matsayin zafi. Don cin moriyar wannan ƙarfi ne wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar na'urar tabocaja a shekarar 1905. Hayaƙi ne ke juya farfelarta, sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji. A motar fetur, zafin wannan hayaƙi yakan haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyas.

To, irin wannan zafi ba ya barin maƙwabta lafiya. Yana busar da robar wayoyi, ya gasa tiyo, ya kuma ɗumama iskar da inji ke shaƙa. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, saboda haka iskar oksijin da ke shiga takan ragu. Shi ya sa ake naɗe bututun da wani ƙyalle, a kuma lulluɓe na'urar da bargo na musamman. Ana saƙa su da zaren gilashi, ko na silika, ko na baƙin dutsen da aman wuta ya daskare ya bari.

Asirin bargon ba a zaren kaɗai yake ba, yana cikin iskar da ta maƙale a tsakanin zaruruwan. Iskar da ba ta motsi ba ta isar da zafi sosai: ƙarfe ya fi ta saurin isar da shi sau fiye da dubu. Wannan hikima ta daɗe a jikin dabbobi. A shekarun 1950, masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen ya yi bincike a hamadar Aljeriya, inda ya gano cewa raƙumin da aka yi wa aski yana asarar ruwan jiki fiye da mai gashi da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Wato gashin yana tare zafin rana daga waje, bargon salansa kuwa yana tsare zafi daga ciki. Ƙa'idar dai ɗaya ce. Idan hayaƙi ya isa farfela da zafinsa, yana isa da ƙarfinsa, sauran kayan inji kuma su huta.

Amma fa, kowane allazi da nasa amanu. Zafin da aka hana fita yana komawa kan ƙarfen, wanda kan iya tsagewa idan ba mai ƙwari ba ne. Da damina ƙyallen yakan riƙe ruwa, tsatsa ta ci bututun a ɓoye. Mafi haɗari shi ne ya jiƙe da baƙin mai, domin a nan ya zama lagwani mai jiran wuta. Don haka sai a toshe duk wani yoyo kafin a naɗa. Bayan doguwar tafiya kuma, a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin na'urar.

Akwai kuma batun lafiyar mai aikin. A da ana yin irin wannan ƙyalle da asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji a huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya a 2005. Zaren gilashi bai kai shi illa ba, amma yana sa ƙaiƙayi da tari. Ya kamata makaniki ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya kuma jiƙa ƙyallen kafin ya fara naɗi. Wanda ya tarar da tsohon naɗi yana marmashewa a tsohuwar mota, kada ya kakkaɓe shi ko ya hura shi da baki, domin ido ba ya bambanta asbesto da sauran zaruruwa.