Gardamar da ba ta ƙare ba a kan ƙarshen shirin Avatar

Tashar Nickelodeon ta Amurka ta soma nuna shirin zane mai motsi na Avatar a 2005, ta kammala shi a 2008 bayan kashi 61. Har yau masu kallonsa ba su daina musu a kan ƙarshensa ba.

Aang, yaron da ke sarrafa iska da ruwa da ƙasa da wuta, ya fuskanci Ozai, sarkin ƙasar Wuta, wanda ya gāji yaƙin shekara ɗari. Abokansa suka ce lalle ya kashe shi, ya ƙi. Wani ƙaton kunkuru mai kan zaki ne ya ba shi ikon raba sarkin da ƙarfinsa, aka jefa Ozai kurkuku.

Wasu na cewa marubutan sun kawo kunkurun a ƙurarren lokaci domin su sauƙaƙa wa yaron zaɓi mai wuya. Wasu kuwa na ganin ya riƙe tarbiyyar da malamansa suka yi masa ta girmama rai.

Iyaye, in kun ji ƴaƴanku na wannan gardama, ku zauna ku tambaye su: in azzalumi ya faɗo hannu, wane hukunci ya dace da shi?