Babur mai hayaƙi a filin tsere: rukuni ake fara zaɓa kafin a sayi babur

A shirinmu na daren Laraba wani matashi mai dakon kaya tsakanin kasuwannin bakin iyaka ya aiko da saƙon murya. Ya ce yana kallon tseren babura a waya, ya ga wasu ƙanana masu ƙara kamar an taɓo gidan zuma, suna gudu suna hayaƙi. To shi ma yana da tsohuwar Jincheng, shin jinsinsu ɗaya? Kuma in mutum zai shiga, wane babur zai saya? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na kawo muku amsar a rubuce.

Da farko, tseren da ya gani ba a kan hanyar da kuke bi da shanu da buhunan hatsi ake yinsa ba. Fili ne na kwalta da aka kewaye, babu mota, babu mai ƙafa, ga motar asibiti a tsaye. Ko a tsibirin Man, kusa da Ingila, inda ake tsere a kan titunan gari tun 1907, sai an rufe hanyar gaba ɗaya, kuma duk da haka sama da mutum 250 sun rasu a can. Saboda haka abin da samari ke yi ranar biki ko sallah a tsakiyar gari ba shi nake nufi ba.

Inji mai bugu biyu kun san shi ko da ba ku san sunan ba. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, shi ne. Haka tsohuwar Vespa, da Suzuki AX100 da Jincheng mai kama da ita. Duk juyi ɗaya da injin ya yi sai wuta ta tashi a silinda, alhali mai bugu huɗu, irin Bajaj Boxer, sai ya juya sau biyu. Ba shi da bawul, ba shi da tarkace da yawa, don haka ga rashin nauyi ga zafin nama. Hayaƙin kuwa baƙin man ne ke ƙonewa tare da fetur.

To ga inda sabon shiga ke yin kuskure: ya sayi baburin da ya burge shi, sannan ya tafi neman inda za a karɓe shi. Wanda ya san sukuwa ya san ba a jera dogon dokin Sudan da ɗan ƙaramin dokin gida a ce su yi tsere. Babura ma haka ne. Kowace ƙungiya tana da rukunai, gwargwadon faɗin cikin silinda, wato cc, da shekarun babur, da irin gyaran da aka yarda a yi masa. Idan naka bai dace da ƙa'idar ko ɗaya ba, ka sayi abin kallo. Ka fara zuwa filin da ya fi kusa da kai, ka ƙirga babura nawa ke fitowa a kowane rukuni. Inda mutum ashirin ke jeruwa, nan za ka samu abokin gwaji daidai da kai, nan kuma za ka samu mai ara maka fulogi ranar da naka ya mutu. Rukunin mutum uku, ko ka zo na uku, na ƙarshe ka zo.

Mu ɗauki Ingila, inda wannan wasa na masu sha'awa ya yi ƙarfi. Hukumar ACU ce ke ba da lasisi, kuma sabon shiga yana sa riga mai ruwan lemo a kan kayansa don na baya su san ɗan koyo ne, su ba shi wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce baburin titi na 125cc da aka cire wa fitila da madubi da jaki, kamar tsohon Aprilia RS125 mai bugu biyu. In an sake shi yana ba da ƙarfin doki wajen 30. Casey Stoner, ɗan Ostareliya da ya zama zakaran duniya daga baya, a kan irinsa ya ci gasa a Ingila a 2000 yana yaro.

Akwai kuma 125 ɗin da tun daga masana'anta don tsere aka ƙera shi, kamar Honda RS125R da Yamaha TZ125. Nauyinsa wajen kilo 70 ne, ƙarfinsa ya haura doki 40. Ku kwatanta da Boxer mai 100cc da bai kai doki 10 ba. Sai dai fa yana da hali. Ƙarfin nasa ba ya fitowa sai inji ya haura juyi 10,000 a minti, ƙasa da haka kamar jaki mai ciwon ƙafa yake, don haka ƙafarka ba ta hutawa a kan giya. Fistin ɗinsa kuma bayan ƴan ɗaruruwan kilomita ake canza shi, ko ya lalace ko bai lalace ba. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan da wuri: kuɗin saye ba shi ne kuɗin babur ba, kamar yadda kuɗin doki ba ya kai kuɗin dawar da zai ci.

Ni dai da za a tambaye ni, rukunin MZ ya fi kwanta mini a rai. MZ babur ne na tsohuwar Jamus ta Gabas, 250cc, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, kuma ba shi da wani kyan gani. Ƙungiyar Bemsee, wadda aka kafa a 1909, tana da rukuni nasa shi kaɗai. Tunda kowa kusan abu ɗaya yake hawa, mai kuɗi ba ya sayen nasara, sai wanda ya iya birki da kwana. Mai jiki ma ya fi sakewa a kan 250, domin a 125 kowane kilo na mahayi sai injin ya ji shi.

Kada ku raina MZ ɗin nan. Salansar nan mai kumburin ciki da kuke gani a baburan tsere, injiniyan kamfanin, Walter Kaaden, shi ya gwanance a kanta. Kumburin yana mayar da iskar fetur da ta fara tserewa zuwa cikin silinda, daga nan ƙarfin ke ƙaruwa. A 1961 mahayinsu Ernst Degner ya gudu daga Jamus ta Gabas ya koma Suzuki, shekara ta zagayo ya ci gasar duniya ta 50cc. Shi ya sa yanke salansa ko huda ta don ta yi ƙara, kamar yadda wasu samari ke yi, sau da yawa rage wa irin wannan inji ƙarfi yake yi.

Abin da ya fi cin sababbin shiga shi ne kafireto. Ranar sanyi iska ta fi kauri, inji na bukatar ƙarin fetur, sai a sa babban jet. Ranar zafi a rage. Wanda ya saita a zafin bazara ya fito da sanyin asubar hunturu bai taɓa komai ba, fetur zai yi wa injin kaɗan, ya ɗau zafi, fistin ya cije a silinda, tayar baya ta tsaya cak ana cikin gudu. Shi ya sa tsofaffin mahaya ba sa ɗauke yatsa daga kan kuloci. Baƙin mai kuma aunawa ake yi, wajen kashi 1 cikin 30 na fetur, ba a zuba shi da ka. Wannan darasin ya shafi mai AX100 da ke bin daji da galan biyu na madara kamar yadda ya shafi ɗan tsere.

Sai maganar kayan gyara, wadda ita ce ke yanke hukunci a yanzu. Gasar duniya ta sallami 250cc mai bugu biyu bayan 2009, ta sallami 125cc bayan 2011, ta koma masu bugu huɗu. Dokokin hayaƙi kuma sun kore yawancinsu daga kasuwar titi a Turai. Yawancin abin da ya rage tsofaffi ne. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa yaushe aka canza fistin da karanshaf, ya nuna maka a rubuce, ka kuma tabbatar akwai inda za ka samu silinda in ta tsage. Kuma ka ware kuɗin hular kwano mai rufe haɓa, da rigar fata ta gaba ɗaya, da safar hannu da takalma, don ba a barin kowa ya hau fili babu su. Masu dubawa har kusoshin juye mai sai sun ga an ɗaure su da waya.

Jincheng ɗinka kuwa, ɗan'uwa, jinsinsu ɗaya, kakansu guda. Amma birkinta da tayoyinta da ƙashin jikinta an yi su ne don kaya da hanyar burji, ba don a kwantar da ita a kwana gwiwa na shafar kwalta ba. Ko da za a buɗe mata rukuni, sai dai na AX100 zalla, kowa da irin tasa, a fili rufaffe.