ZAUREN KULA DA GARI



Yau maganarmu a kan wani ɗaki ce. A wurare da dama ana gina wa mutanen ƙauye ɗakin taro, inda za su riƙa haɗuwa su koyi kula da ruwansu da ƙasarsu da itatuwansu, watau abin da 'yan boko ke kira muhalli. Waɗansu na ce da shi cibiya. Ni zaure zan kira shi, gama aikin zaure yake yi, wurin da ake zama a yanke shawarar gida. Watakila wani ya ce, me ya haɗa ma'aikacin lafiya da wannan, ba ga ɗakin shan magani can ba? To, ku saurara. Yawancin masu zuwa mini da ciwo, daga tafki ko rijiya ko bayan gari suka kwaso shi. Ina ba su magani su warke, su koma inda suka kwaso, bayan wata biyu mu sake gaisawa.

Akwai wani gari, ba zan faɗi sunansa ba, da aka gina musu irin wannan zaure, da rufin kwano da kujeru da hotuna a bango. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka ci shinkafa. Da na koma bayan shekara guda sai na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai mabuɗi ya tafi cin rani, ta taga kuwa na hango buhunan albasa. Taku kaɗan daga nan ga rijiyar gari, bakinta ya zube, kwatami ya kewaye ta, awaki na sha. Ban ga laifinsu sosai ba. An ba su gini, ba a ba kowa aiki ba.

Don ku gane irin aikin da nake nufi, ku tuna da kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma mu da muka tashi a ƙauye mun ga magidanci kwance a bukka tsakiyar damina, ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafarsa, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye. Ga yadda abin yake. Cikin ruwan tafki akwai waɗansu ƙananan ƙwari, da ƙyar ido ke ganinsu, su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha ruwan, ya sha da su. Ba zai ji kome ba sai bayan kamar shekara guda, sa'an nan tsutsar, wadda tsawonta kan kai ƙafa 3, ta huda fata ta fara fitowa. Wurin yana zafi kamar wuta, don haka mai ciwon ya kan tsoma ƙafar cikin tafki ya ji sanyi. Nan take tsutsar ta zuba dubban 'ya'ya cikin ruwan da gari duka ke sha. Baɗi kuma a sake.

A 1988 da aka bi ƙauyukan Nijeriya aka ƙidaya, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu. Cutar nan ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar sha. Amma a watan Nuwamba na 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai ita a Nijeriya, a jihar Inugu, a ƙarshen 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, yawancinsu a Chadi.

Yaya aka yi? Manya sun taimaka, ba shakka. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya nemo kuɗi, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana roƙon sarakuna da gwamnoni. An haƙa rijiyoyi, an zuba magani a waɗansu tafkuna. Amma gindin aikin yana hannun mutum guda a ko wane ƙauye, ɗan garin, wanda aka ba littafi da ƙyallen tace ruwa. Shi ke bin gida gida yana nuna wa mata yadda za a ɗaura ƙyalle a bakin tulu. Shi ke hana mai kurkunu shiga tafki, a sa wani ya ɗebo masa. Ko wane wata ya rubuta mutum nawa suka kamu, in babu ya rubuta babu. Zauren da nake faɗa muku, wurin zaman irin wannan mutum ne, da 'yan'uwansa.

Saboda haka ran da kuka fara taro, kada ku fara da jawabi. Dagaci da liman da masu unguwa su zauna, a raba aiki, a kira sunan kowa a gaban jama'a.

Na fari shi ne mai rijiya. Ya ga an ɗaga bakinta da siminti ya kai kamar ƙugun mutum, an yi mata daɓe kewaye, da 'yar hanya wadda ruwan da ya zube zai bi ya tafi nesa. A yi mata murfi. Sa'an nan ga abin da ya fi wuya: guga ɗaya tak, ta gari, a rataye ta a bisa itace. In ko wace mace ta zo da tata gugar, wadda ta kwana a ƙasa kusa da turken akuya, to, ƙazantar gida hamsin ce ke shiga rijiya kullum. Na sani za a yi gardama a kan wannan, an kuwa saba yi. A sayi igiya da kuɗin taro, mai rijiya ya riƙa sauya ta in ta tsufa, gardamar za ta kwanta.

Shi ne kuma zai duba inda ake haƙa salga. Kada ta kusanci rijiya ƙasa da ƙafa 100, watau mita 30, kuma ta zama ta gangare, ba ta bisa ba, gama ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya. Amai da gudawa ta nan take shiga gari. Tsargiya kuma, wadda yara maza ke fitsarin jini har waɗansu iyaye na zaton alamar girma ce, cuta ce. Yaro mai ita ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa, ya fito ya huda fatar wani yaro mai wanka. Akwai maganinta, ku kawo su.

Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, da fasassun tukwane da tsofaffin tayoyi, nan sauro ke ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ya tashi. Don haka aikin gayya na share gari ya zama ko wane mako da damina, ba ko wane wata ba.

Yanzu sai itatuwa. Kada ku ce wannan na malamin gona ne. Yaron da ba shi da ganyen miya da isasshen gero, shi ne wanda ƙyanda ko zawo ke kayarwa da sauri. Ku dubi abin da manoman Maradi suka yi. Bayan fari na shekarun 1970 da na 1984, gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Wajen 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa ko wace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai manomi ya zaɓi reshe 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya tsare su daga dabba. Suka sa masa suna sassabin zamani. Bayan kamar shekara 20 aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba ban-ruwa, ba sayen iri, wuƙa ce kawai da haƙuri. Gawo ma kun san halinsa, yana zubar da ganye da damina ya ba gero rana da taki, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Amma manomi ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, domin da dare wani zai zo ya sare. Sai gari ya yi doka, a kuma kira makiyaya a zauna da su tun kafin a yanke ta, ba bayan an yanke ba.

Mata fa? Su ne masu randa da murhu da yara. Zauren da mata ba su san abin da ake faɗa a ciki ba, rabin aiki ne. A ware musu rana tasu, inda kuwa ba su fita, ungozoma ta zo ta ji, ta kai musu cikin gida.

Na bar maganar littafi a ƙarshe domin ita aka fi rainawa. A sami yaro mai ilmi, ko da ajami ne, ya riƙa rubuta haihuwa da mutuwa, da wanda ya kwanta da irin ciwonsa. A 2010 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega, yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Kafin labari ya kai ga likitoci an riga an binne da yawa. Magajin littafi da ya ga yara uku sun mutu da jijjiga a unguwa ɗaya cikin wata guda, ba zai jira na huɗu ba, zai hau keke ya zo ya faɗa mana.

Mabuɗin zaure kuwa a yi guda biyu, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin ungozoma.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hayaƙin murhu da tarin yara. Ku huta lafiya.